Igiyar Rabon Gona

Rubuta kawai, jikata, kada kukana ya tsayar da ke.

Ranar da aka raba gonar mahaifina a Galtimari bayan rasuwarsa, ina maƙale jikin Inna, mahaifiyata, ana jan igiyar awo kan karan gero. Da aka gama, ƙanin mahaifina, Baffa Modu, ya naɗe igiyar a hannu, ya dube ni.

"Saura yarinyar nan. Gidan wa za ta?"

Inna ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya shige ni.

"Ku ɗauki rabona," ta ce. "Ku bar mini ita."

Suka ɗauka kuwa, suka bar ni.

Gobe za a raba gonar marigayi mijina. Yi haƙuri, na matse miki hannu ko?