Sau Goma Sha Tara

"Kai ne ka nema wa 'yarka aiki?" in ji matar da ta kira ni daga ofishin ɗaukar ma'aikata.

Shekara biyu yarinyar nan tana zaune da digirin koyarwa. Shi ya sa na faki idonta na ɗauki kwamfutarta, na shiga shafin tallar ayyuka, na nema mata gurbi a kamfanin manhajar karatun yara.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Kada laifina ya shafe ta."

"Baba, katin asibitinka ka tura maimakon takardunta. Ka danna aikawa sau goma sha tara, har shafin kamfanin ya tsaya cak."

Na share gumi.

"Wata shida ƙwararrunsu suna gwaji, ba su gano matsalar da ka tono ba. Suna son ka riƙa gwada musu manhajar iyaye."

Na gyara zama. "Ai ni ba na taɓa na'ura sai 'yata tana kusa."

Ran Litinin ni da 'yata muka fara aiki, teburinmu ɗaya. Ina ɓatawa, tana gyarawa tana hararata, kamar dai a gida.