Nauyin Malam Barau

Shekara huɗu ke nan da ƙasarmu ta fice daga Ƙungiyar Kasuwa, aka dasa sikeli a bakin iyaka. Duk abin da ya fita sai an auna shi, kuma dole nauyinsa ya dawo, wai kada arzikinmu ya tsiyaye zuwa tsallake.

Ranar wata Talata na kai maigidana, Malam Barau, asibitin tsallake, don namu ba magani tun da aka daina shigo da shi. A bakin iyaka aka auna mu tare. Kafin azahar ya cika. Mutanen can suka yi masa sutura, suka kai shi makwancinsa kafin la'asar, kamar yadda ake yi.

Da na dawo na hau sikelin ni kaɗai, sai ya hau ƙara.

"Inna, saura kilo hamsin da biyu," in ji jami'in. Sale ne, ɗan maƙwabciyata Dije. "Ina kayan da kika fita da su?"

"Kaya? Mutumin da ya yi maka huɗuba ne kaya, Sale?"

"Ni ba ruwana, Inna. Na'ura ba ta san rasuwa ba. Da kun dawo da shi an auna."

"In tono shi ke nan? Allah ya isa tsakanina da ku!"

Ya rufe mini ƙofar shiga, ya kira na bayana.

Daga rumfar da nake zaune a bakin iyaka ina hango rufin ɗakinmu. A nan nake takaba, yau kwana goma sha tara.