Dashen Lemon Inna

Tun da Inna ta rasu, mai ɗinki ba ta ƙara jin daɗin zama a gaban kekenta ba. Aure ya kai ta nesa, wani gari mai zafi da ƙarancin ruwan sama, inda mijinta yake da lambun lemo a bakin rafi. Mutumin kirki ne, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Amma tana cikin kalmasa riga sai ƙafarta ta tsaya cak, ta tuna tsakar gidansu mai sanyi da bishiyar lemon da Inna ke zama a gindinta tana tsefe mata kai. Kewa ce kawai take cin ta.

Ana nan sai yayanta ya bugo waya ya ce za a sayar da gidan, mai sayen kuma rushe komai zai yi. Ta hau mota ta tafi. A bayan ɗakin girki ta tarar da wani ɗan dashen lemo a cikin gwangwanin fenti, wanda Inna ta haɗa da hannunta kafin ciwo ya kwantar da ita. Ta rungume gwangwanin tana kuka. Da ta juya ganyen sai ta ga wani abu fari kamar auduga ya manne a ƙarƙashi.

"Yaya, wannan farin abin fa?"

"Ke dai da tsoro! Tun yaushe yake jikin bishiyar Inna, me ya taɓa yi mata?"

Mai karatu, kada ka ce ba ta sani ba. Ta sani sarai. Kwanakin baya malamar gona ta tara masu lambu a rumfar mijinta, ta gargaɗe su kada wanda ya shigo da dashe daga yankin da ake ruwa da yawa, saboda wani ƙwaro da ke can. Mai ɗinki ce ma ta kawo wa taron ruwan sha. Duk da haka ta cusa gwangwanin cikin buhun yadi, ta tura ƙarƙashin kujerar mota, aka wuce masu duba tsirrai a kan hanya tana ta murmushi kamar ba ita ba.

Da mijin ya gani sai ya ɓata fuska. "Kin dai ji abin da malama ta ce."

"Haba maigida, ɗan tsiro ɗaya? Shi kaɗai ya rage mini na Inna."

Ya dubi hawayenta, ya kasa hana ta. Da kansa ya haƙa mata rami a kusurwar lambun.

Kullum da yamma sai ta rufe keke ta tafi can. Ta ba shi ruwa, ta murza ganye ta shaƙa, ta zauna tana ba shi labarin gida kamar mai jin magana. Mijin har tsokanarta yake, wai surukarsa ta tare a lambu. Wallahi ta yi kyau a watannin nan, dariyarta ta dawo.

Da zafi ya shigo sai farin abin ya bar kusurwa. Ya bi layi ya hau manyan bishiyoyi, ganye ya yi baƙi yana danƙo, 'ya'yan lemo suka riƙa zubowa tun suna ƙanana. Aka yi feshi, aka sake yi, kamar ana ba shi abinci. Kafin a ankara ya tsallaka lambun maƙwabta.

Malamar gona ta zo ta bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan ɗan dashen. Ba ta yi faɗa ba. Ta shimfiɗa taswira a ƙasa.

"'Yar'uwa, dubi nan. Masana sun auna zafi da ruwan saman kowane yanki. Inda aka shafa ja, nan ƙwaron zai ji daɗin zama. Inda aka shafa kore, nan maƙiyinsa ke iya rayuwa, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai yin ƙwai a jikinsa ya kashe shi. Garinku akwai ja, akwai kore, shi ya sa bishiyar mahaifiyarki ta zauna lafiya. Nan kuwa ja ne zalla. Kin ɗauko ɓarawo, kin baro ɗan sanda a can."

"To a kawo maƙiyin nasa mana!" in ji mai ɗinki.

"Ko an kawo shi, zafin nan ba zai bar shi ba. Sai dai a sare duk wadda ta kamu a ƙone, ko sauran lambuna sa tsira."

Ranar da aka zo da gatura, dashen Inna ya fara fitar da furensa na farko. Mai ɗinki ta roƙi a bar mata ko ganye ɗaya ta ajiye. Malama ta girgiza kai, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Hayaƙi ya tashi, maƙwabta na tsaye suna kallo. Ta juya wajen mijinta tana shessheƙa.

"Shi ke nan, ba ni da sauran komai na Inna."

Bai dube ta ba. Idonsa na kan manyan bishiyoyin da wuta ke ci.

"Waɗannan ma Baba ne ya shuka su," ya ce a hankali.

Jama'a, kewar gida ba laifi ba ce. Amma kada mu ɗauki dashe ko iri daga wani yanki zuwa wani sai malaman gona sun duba sun amince. Ƙwaron da bai yi ɓarna a can ba, wataƙila maƙiyinsa ne ke tsare da shi, kuma shi ba zai biyo mu ba.