Jarkar Hafizullahi

Ƙwaryar madara ta huɗu ke nan da Dakta Zulaiha ta mayar wa mai ita a kasuwar Isa, Wada mai zuma yana tsaye yana kallo.

Wata 'yar na'ura ta zo da ita daga jami'a a Sakkwato, ba ta fi wayar hannu ba, da ɗan harshe baƙi a bakinta. Ta ce sunan baƙin girafin, dangin bakin fensir ne, an shafa shi siriri har ya fi bawon albasa. Da ta ɗiga madara a kai sai lamba ta fito. Abin da harshen ke farauta shi ne haidurojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, wanda wasu ke zuba wa madara don kada ta lalace a hanya. Duk ƙwaryar da lambarta ta hau, kamfanin da ya ɗauko Dakta ba ya saye.

Ta ce kasuwa mai zuwa zuma za a gwada, kuma mutum ɗaya kamfanin zai riƙe a duk Isa da Sabon Birni. Ta fara bayanin yadda zuma take, amma Wada ya riga ya juya. Ya ji abin da ya ishe shi.

Tun yana saurayi Wada ke ɗora amya a itatuwan Kamarawa, hannuwansa duk tabon harbin ƙudan zuma ne. Shi ya koya wa Hafizullahi, ɗan yayarsa, saƙar amya da kunna hayaƙi. Yau ga shi yaron nan ake yi wa layi! Kwalabe masu takarda, sabon babur, fuska sumul ko harbi ɗaya babu. Amyoyinsa ba su kai rabin na Wada ba, amma rani da damina jarkarsa ba ta ƙafewa. Har matarsa Halimat an ce ta fara alewa, kullum ana sauke mata buhun sukari a ƙofar gida. Abin na cin Wada ƙwarai. Hassada ce, shi ma ya sani, kuma sanin bai rage masa komai ba.

In kamfani ya riƙe Hafizullahi, shi ke nan, an binne sunan Wada a sana'ar da ya tsufa a cikinta. Kafin ya hau motar gida ya biya kemis ya sayi ƙaramar kwalbar haidurojin.

Ranar gwaji masu zuma suka cika rumfa. Hafizullahi ya zo a makare, ba fara'ar nan tasa, sai zufa yake sharewa alhali iska na kaɗawa. Har ya ce wa kawunsa yana jin zazzaɓi, ko ya koma gida ne? Wada ya ce ina, ai babban mai zuma ba ya gudun gwaji. Da aka kira Azahar, yaron ya turo jarkarsa gabansa.

"Kawu, ka duba mini, za ni masallaci."

Wada ya duba masa kuwa. Ya cika murfin kwalbar da haidurojin ya juye a jarkar, ya motsa da kara. Ya zaci zai ga kumfa irin ta bakin ciwo, amma ko ƙwaya ba ta taso ba. Ya rufe, ya goge hannu, ya bi sahun masu alwala.

Bayan salla Dakta ta fara. Takan ɗebi zuma kaɗan, ta sirka da ruwa, ta ɗan jira, ta ɗiga a baƙin harshen. Ta mutum biyu ba ta motsa lamba ba sam. Ta Wada ta hau sosai, har gabansa ya faɗi, don shi dai ya san bai zuba wa tasa komai ba. Sai aka zo kan ta Hafizullahi. Lamba ta tashi, ta wuce ta Wada, ta wuce ta kowa. Wada ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa.

Dakta ta miƙe ta ce bari ta maimaita abin da ta faɗa wancan mako, saboda waɗanda ba su tsaya ba. A madara, haidurojin algus ne. A zuma kuwa ƙudan da kansu ke sa abin da ke haifar da shi, shi ya sa take warkar da ciwo. Zumar gaskiya in an sirka ta sai lamba ta hau, ta sukari kuma ba ta motsi. Saboda haka Malam Wada ne na biyu, da 'yar rata kaɗan, Hafizullahi kuma shi kamfani zai riƙe.

Rumfa ta ɗauki barka. Wada ya zauna a kan benci. Ya lallashi zuciyarsa da cewa ƙila dai ko babu murfin nan, yaron zai ci, tun da hannunsa ne ya koya masa.

Da mutane suka watse Hafizullahi ya zo ya durƙusa gabansa, idanunsa cike da ƙwalla, ya kama hannun nan mai tabon harbi.

"Kawu, kai kaɗai za ni gaya wa, ka rufa mini asiri. Yau na ga ikon Allah. Ƙudana sun gudu tun bara, abin da ke cikin jarkar nan sukari ne zalla Halimat ta dafa."