Kaya Huɗu Ruwan Toka

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe Malama Khairiyya ta fito sayen ƙosai a bakin layinsu na Sabon Gari, sai maƙwabciyarta Indo ta tare ta da dariya.

"Malama, yau biki biyu za ki? Zanen ankon Murja, ɗankwalin sunan Jamil!"

Khairiyya ta taya ta dariya, ta ce sauri ne. Ƙosan da ba ta saya ba ke nan. Ta juya gida ta turo ƙofa.

Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta, ita kaɗai a gidan da suka gina tun tana koyarwa. Ba ɗa, ba jika. Yayanta Ɗayyabu ya sha faɗa mata cewa duk ranar da ya ga ta gaza kula da kanta, zai kwashe ta zuwa gidansa a Dagumawa, a zuba 'yan haya a gidan. Juma'ar sama yake tafe. Magana kuwa in ta shiga bakin Indo, ba ta kwana ba ta isa Dagumawa ba.

Ta buɗe sif da akwatuna ta zube komai a kan gado. Kayan shekara talatin ne na biki da suna da salla. Ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana murzawa a yatsunta: leshi mai duwatsu, shaddar da har yanzu take ƙamshin turaren wuta, atamfar da marigayi ya saya mata, wadda wanki ya mayar laushi. Wannan ta daɗe a hannunta kafin ta ɗora ta a kan sauran.

Da azahar ta kira Isyaku tela a waya. Ta ce kaya huɗu take so, ruwan toka, da hijabi uku, duk a yanka daga bandir ɗaya, ɗinki iri ɗaya, ba ado. A bayan wuyan kowace riga, ta ciki, ya sa mata maɓalli guda.

"Malama, yunifom za a koma bayan ritaya?"

"Kai dai ɗinka, Isyaku."

Cikin kwana uku ta rabar da tsofaffin kayan. Indo ta samu leshi biyu da babban madubin ɗaki.

"Har da madubin?"

"Tsare min hanya yake yi."

Ɗakin ya yi fili, har muryarta takan dawo mata idan ta yi sallamar salla. Wanki ya koma bokiti ɗaya. Da safe sai ta miƙa hannu kawai, duk rigar da ta taɓa ta dace da duk zanen da ta jawo. Matan layi suka fara cewa Malama ta guji duniya. Wasu har suka ce za su yi koyi da ita, ba dai wadda ta shigo ta tambaye ta dalili.

Ranar Juma'ar Ɗayyabu ya iso bayan an sauko daga masallaci. Ta gaishe shi kanta a sunkuye, kamar yadda ta saba tun suna yara. Ya dubi tsakar gida a share, ya leƙa ɗaki ya ga komai a muhallinsa.

"Ashe ƙarya ake miki, ƙanwata. Ni nawa ɗakin ma bai kai wannan tsari ba. Yi zamanki."

Ta rako shi zaure, ta tsaya har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Sannan ta dafa bango, ta ƙirga taku goma sha ɗaya zuwa ƙofar ɗakinta. Wata biyar ke nan idanunta ba sa ganin komai sai haske da inuwa.