Sharaɗin Shiga Haɗaka

Sakatare ya ajiye takardu biyu a kan tebur. An tashi zaɓe babu jam'iyyar da ta samu rinjaye a majalisa, dole sai an jawo kansiloli biyu: Honarabul ɗan manoman bakin daji, da Bafulatanin da Honarabul ɗin ya riƙa kira ɗan'uwan 'yan bindiga lokacin kamfe. An ce kowa ya rubuta sharaɗinsa na shiga haɗaka.

Aka fara buɗe ta Bafulatanin.

"A gyara hanyar Gwaska."

Gwaska ƙauyen Honarabul ne, ba na Bafulatanin ba.

"Me ya haɗa ka da hanyarmu?" ya tambaya.

"Ranar hari mutanenka ne suka ɗauko ɗana a kafaɗa, Honarabul. Da mota tana shiga garinku, da ya kai asibiti."

Honarabul ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu zai janye tasa takardar, amma sakatare ya riga ya warware ta. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi:

"Sabuwar mota, mai baƙin gilashi."