Katantanwar Pemba

Abin da na fara hangowa a teburin Malam Isa ran nan wata katantanwa ce, fara sol, cikinta ja-ja kamar leɓen amarya. Muna aji shida a Kaura Namoda, ana gab da tashi.

Ya ce daga Pemba aka kawo masa ita, tsibirin da ake shanya kanumfari a tabarmi a bakin hanya. "Masu jirgin ruwa kan ji ƙanshinsa tun kafin su hango shi," in ji shi. Ni kam tuni na ga kaina a bakin teku, iska na kaɗa mayafina.

"Duk wanda ya nuna mini shi a taswira, tasa ce."

Na riga kowa fita. Ina dubawa gabas da Afirka sai na ga wani ɗan ɗigo, na sa farce ina kankarewa.

"Ke, me kike yi?"

"Kashin ƙuda ne, Malam."

Balki da ke bayana ta ce, "Malam, ai shi ne tsibirin."

Ana ta dariya ta kara katantanwar a kunne, ta lumshe ido. "Teku na magana," ta ce. Na roƙe ta in saurara, ta ce sai gobe. Har yau in na jefa kanumfari a shayi sai goben nan ta tsaya mini a rai.

Yanzu Balki tana aure a Shinkafi. Bara na tambaye ta katantanwar. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Au, waccan? Da ita nake ɗibar gishiri."